Takalmin da Kaka Bai Sayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar Talata da hantsi a nan Tawa, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa.

Ni jikarsa ce, ƴar makaranta, kuma kowa a gidanmu ya san ba ni da baki. Shi ya sa a kwanakin zaman makoki aka ba ni aikin zagawa da ruwa. Mai raba ruwa ba a ganinta, don haka ba a rage murya idan ta zo wucewa.

"Mutumin kirki ne, wallahi," in ji wata maƙwabciyarmu, tana gyara lulluɓi. "Sai dai ɗan Adam ba shi rasa tabo."

"Allah dai shi yafe mishi wancan na yaron Barmu," in ji ta kusa da ita.

"Tsufa ne, ƴar'uwa. Idonai ya rage gani, amma bai yarda ba."

Na zuba musu ruwa har kofin ya cika ya zube a tabarma. Suka ce yarinyar nan mutuwar ta taɓa ta.

Ga abin da suke nufi. Kaka takalman tanis na gwanjo yake sayarwa a kasuwar Tawa, irin na gudu da ƙwallo. Shekara biyu da suka wuce wani takalmi ya fita daga rumfarsa, wani saurayi daga ƙauyen Barmu ya yi tsere da shi, ya faɗi, idon sawunsa ya karye. Duk gari ya ɗauka Kaka ne ya sayar da shi. Ba shi ba ne. Ina wurin. Wanda ya sayar da shi ya yi ta zama a zauren gidanmu tun ranar Talatar, cikin farar riga mai sitaci, yana karɓar gaisuwa. Mijin Gwaggo ne, ƙanwar babana. Na kai masa ruwa sau da yawa. Yakan danna hankici a idonsa ya ce, "Uba ne gare ni, uba." Na duba hankicin da ya ajiye a gwiwarsa. A bushe yake, ko layin guga bai ɓace ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a binne Kaka da sunan da ba nasa ba.

Wanda bai taɓa sayen takalmi a wurinsa ba zai ɗauka abu ne na minti biyar. Ba haka ba ne. Mutum zai zo ya nuna wani mai jan layi ya ce, "Tsoho, wannan nika so." Kaka zai ce, "Idonka ne ka son shi. Zamna mu tambayi ƙafa."

Da farko zai ɗauki takalmin ya lanƙwasa shi. Idan ya lanƙwashe daidai inda yatsu ke lanƙwasa, to. Idan ya karye a tsakiya kamar waina, sai ya jefa shi gefe. Sannan ya kama kai da gindi ya murɗa, kamar mai matse wanki. Takalmin kirki yakan yi gardama. Wanda ya murɗu ba musu, Kaka yakan ce, "Wannan ba shi da ra'ayi, duk inda dutse yac ce ya bi, can za shi." Sai ya matsa bayan, inda dunduniya ke zama, da babban yatsa da manuni. Dole ya ji tauri. Sai ya zura hannu ciki ya lalubi ɗinki, ido a rufe, don abin da hannu ya ji kaɗan, ƙafa za ta ji shi da yawa bayan tafiyar wuni.

Yana da wani guntun katako mai santsi da ba ya yarda kowa ya zauna a kai. A kansa yake ɗora takalmi ya durƙusa ya hango shi ta baya, ya ɗan taɓa shi da yatsa. Idan ya karkata ko ya yi rawa, ya faɗi jarrabawa. Yakan ce takalmin gwanjo yana tuna tafiyar mai shi na farko. "Wani Bature mai gwame ya taka wannan shekara uku. In ka sa shi, kai ma gwamen za ka koya."

Duk takalmin da ya faɗi, cikin wani buhun siminti yake jefa shi a bayan rumfa. Idan buhun ya cika sai ya ba baduku ya yanka ya yi faci.

Bayan duk wannan ne mutum zai sa takalmi, ƙafa biyu, ya ɗaure igiya, ya miƙe tsaye. Kaka zai danna babban yatsansa a gaban takalmin, sai faɗin yatsan ya shiga tsakanin bakin takalmi da yatsan ƙafa. Sannan ya kora mutum bayan rumfa inda duwatsu suke, ya taka ya dawo. Ya fi son a zo da la'asar, don ya ce ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta wuni tana aiki take kumbura ta faɗi girmanta na gaskiya. Wasu sukan gaji su tafi. Bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Ni "amarya" yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Shi ne ya gano ƙafata ta hagu ta fi ta dama girma, ni da ƙafar ban sani ba. Da aka ce mu zo da tanis don wasan motsa jiki a makaranta, na sa ido kan wani mai ruwan hoda. Ya ba ni wani toka-toka mai muni kamar jaki. Na yi kuka ba sauti. Ya ce, "Amarya, in dai kyau ne, ai ni kin samu. Bar wa ƙafa nata rabo." Shekara uku na yi da jakin nan bai taɓa cizona ba.

Wata rana wani makiyayi mai rawani daga wajen Takanamat ya zo, ya sayar da akuya yana son tanis irin na ƴan birni. Kaka ya dubi ƙafarsa, mai faɗi, yatsu a warwatse kamar reshen gawo. Ya gwada masa guda shida, ya girgiza kai. Ya kama hannunsa ya kai shi har wurin mai yanka takalmin taya. "Ƙafarka ta saba da sarari, aboki. In na kulle ta a ɗaki, kai da ita ba ku shiri." Makiyayin ya dawo bayan wata biyu da cuku a ƙunshe, ya ajiye a kan buhu ya tafi.

Mijin Gwaggo ya shigo rumfar ne bayan ya dawo daga ci-rani hannu wofi. Lokacin abubuwa sun yi tsanani, darajar kuɗi ta karye, ma'aikata na wata da watanni ba albashi, mu ma makaranta yau a buɗe gobe yajin aiki. Kaka ya ce ya zo ya zauna tare da shi, don Gwaggo da ƴaƴanta biyar su ci. A lokacin Baba nake ce masa. Na daina.

Rigimarsu ta farko a kan ƴan siyasa ce. Jam'iyyu sun yi yawa, kowace da launinta, kowane ɗan takara yana son samari masu gudu a bayan motarsa. Wasu mutum biyu suka zo suna son takalma buhu guda a raba wa samarin.

"Ku kawo ƙafafun," in ji Kaka.

"Tsoho, mutum nawa za mu kwaso maka? Ka zuba dai, kowa ya ɗauki wanda yas samu."

"Goro ake rabawa hakanan. Ku tafi wurin mai goro."

Da suka tafi mijin Gwaggo ya tashi tsaye. Suruki ba ya ɗaga wa surukinsa murya, don haka sai ya juya yana yi wa buhu magana. "Mutane na mutuwa da yunwa, ana korar arziki da sanda. Wa za ya ci gaskiya ya ƙoshi?" Kaka ya ci gaba da zura igiya a wani takalmi kamar bai ji ba. Amma na ga ya tsallake rami ɗaya, abin da bai taɓa yi ba.

Akwai wata al'ada ta mutanen ƙauyukanmu. Idan mutum ba zai iya zuwa kasuwa ba, sai ya taka ƙasa, a karya karan gero daidai tsawon ƙafarsa, a ba mai zuwa Tawa ya sayo masa takalmi. Kowane mai takalmi yana karɓar kara, ya zura shi ciki, in ya shiga shi ke nan. Kaka kaɗai ba ya karɓa. Ya ce kara ya san tsawo amma bai san faɗi ba, bai san tudun ƙafa ba, kuma da sassafe ake karya shi, cif da bakin yatsa, ba a bar wa ƙafa wurin numfashi.

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwa, ina zaune bayan buhuna da littafina, wata mata ta zo daga Barmu. Mijinta ya rasu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kara. Ta ce ɗanta ne za ya shiga tseren ɗaukar sabbin jandarmomi, wato ƴan sandan soja, ranar Laraba, duk ƙauyen ba mai kama shi a gudu, amma an ce ba a shiga ba takalmi.

"Ki turo mini shi gobe," in ji Kaka.

"Malam, shina yankan gero, shi kaɗai gare ni. Sai ranar da safe za ya iso. Ga karan nan, ni da kaina nik karya shi."

"Baiwar Allah, wanda za ya yi tsere kan dutsen ƙasarmu ta Adar ba a saya mishi takalmi da kara. Gara ya yini ɗaya bai yanki gero ba. In ya zo, ni na san abin da zan ba shi."

Ta roƙe shi har da hawaye. Bai yarda ba. Aka kira la'asar, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Ita kuwa ta tsaya a bakin rumfa tana juya karan a hannu.

Mijin Gwaggo ya zagaya baya. Ya wuce ni kamar buhu ce ni. Ya zura hannu cikin buhun simintin nan, ya fito da wani farin tanis. Na san takalmin. Ina wurin ranar da Kaka ya ɗora shi a katako ya kwanta dama, bayansa kuma laushi kamar dafaffen ganye. Amma yanzu an shafe shi da alli ya yi fes, an liƙe bakin tafinsa da gam. Ashe ya daɗe yana wannan aikin a ɓoye. Ya zura karan, ya shiga da ƙyar, cif.

"Inna, tsoho ya ce in ba ki wannan. Kunya ce ta hana shi sauya magana gabanki. Shi yad duba shi da hannunai."

Matar ta ɗaga hannu sama. "Allah shi ba tsoho Aljanna."

Na buɗe baki. Ya juyo ya kalle ni, kallo ɗaya. Na mayar da idona kan littafi. Layin da nake kallo har yau ina iya karanta shi da ka. Wannan shi ne laifina, kuma ba na neman a rage mini shi.

Bayan kwana goma ta dawo. Tun daga nesa ake jin muryarta. Ta jefa takalmin a ƙirjin Kaka, tafinsa a buɗe kamar bakin kada. Ta ce ɗanta yana cikin na gaba, sun zo gangaren dutse, dunduniyar ta juya, tafin ya ɓare, ya faɗi a kan ƙafar. Farcensa biyu sun cire tun kafin nan saboda matsi, amma bai tsaya ba. Yanzu ba aiki, ba gona.

"Kai anka ce mini! Duk Adar anka ce in dai tsohon nan ya duba, rufe ido ki ɗauka! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Kasuwa ta taru. Kaka ya sunkuya ya ɗauki takalmin. Ya shafa alli ya dubi yatsansa. Ya juya ya dubi surukinsa, wanda ya duƙufa yana warware wata igiya da ba ta ƙulle ba. Na ƙirga numfashina, ina jiran Kaka ya faɗa.

Ya ce, "Daga rumfata yaf fito. Laifina ne."

A hanyar gida na kama hannun rigarsa. Ban taɓa yi masa doguwar magana irin ta ranar ba. Na faɗa masa komai, har allin.

"Na sani, amarya. Akwai takalmin da ban sani ba cikin buhun nan?"

"To ka faɗa musu mana, Kaka!"

"In na tsiraita shi tsakar kasuwa, auren gwaggonki ya mutu a ranar. Ita da ɗiya biyar, cikin wannan yunwa, babanki na Abijan. Ni na tsufa, suna mi za ya ƙara mini? Ki riƙe bakinki. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Ya ce sunan ba zai ƙara masa komai ba, amma na ga abin da rashinsa ya rage. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Matasa ƴan tasha sukan wuce su ce, "Tsoho, akwai irin na Barmu?" su tuntsire da dariya. Idan ya ɗauki takalmi zai murɗa a gaban mai saye, sai ya ga murmushi a bakin mutumin, ya ajiye. Sau ɗaya ya hau motar kasuwa ya je Barmu tare da wani maɗori da ya yarda da shi. Matar ta hana su shiga gidan. Ya dawo da ƙurar hanya a gemunsa, bai ci tuwo ba.

Shi kuwa mijin Gwaggo, ko wata uku ba a yi ba ya buɗe teburinsa kusa da tasha, yana sayar da sababbin tanis masu ƙyalli da ake shigowa da su daga kudu. Yana karɓar kara, yana zuba wa ƴan siyasa buhu-buhu. Ya yi ƙiba, ya sayi babur. Wata rana na bi ta wurin daga makaranta, na ji shi da kunnena yana ce wa wani, "Ai dole ta sa nir rabu da tsoho. Ni ban iya ha'inci ba."

Na laɓe a bayan wata mota don kada ya gan ni. Tun daga ranar, duk sallar da na yi sai na ambace shi, kuma ba alheri nake roƙa masa ba.

Ƙarshen rayuwar Kaka a ƙofar gida ya yi ta, kan buzu, yana kallon ƙafafun masu wucewa. Ba ya kallon fuska. Yakan ce a hankali, "Wancan gwiwa za ta dame shi kafin damina." Ko kuma, "Wa yab ba yarinyar nan na yayarta?" Bai ƙara shiga kasuwa ba.

Ranar sadakar bakwai, da rana tsaka, matar Barmu ta yi sallama. Na gane ta kafin ta sauke lulluɓi. Ɗanta ya tsaya wajen maza, na hango shi ta ƙofa yana dogara sanda, dogo, ƙafar dama a karkace. Ta zauna a ɗakin Innata, inda Gwaggo da sauran mata suke. Bayan gaisuwa ta ce:

"Na ji rasuwar. Limaminmu ya ce mini nauyin da nika riƙe shina iya danne bawan Allah cikin kabari. Na yi kwana uku ina faɗa da zuciyata. Na zo in ce na yafe mishi. Abin da yay yi wa ɗana, na yafe."

Ɗakin ya ɗauka. "Madalla!" "Allah shi saka miki!" "Kin sauke mishi kaya!" Gwaggo ta fashe da kuka.

Ina tsaye da ƙwaryar fura. Na ga yadda abin zai zauna har abada: tsoho ya cuci maraya, uwar maraya ta yi halin girma. Za a faɗa wa ƙannena haka, su faɗa wa nasu. Zagin na jure shi shekara biyu. Yafiyar ce na kasa haɗiyewa.

"Ba shi ba ne," na ce.

Ba wanda ya ji. Na ajiye ƙwaryar na sake faɗa da ƙarfi. "Ba Kaka ne ya sayar miki ba. Shi ya hana ki. Yana masallaci aka ba ki."

"Ke!" in ji Innata. "Fita nan! Yaushe kika yi baki?"

Matar ta ɗaga hannu. "Ɗiyata, ke wa ta gaya miki?"

"Ina bayan buhu. Zanenki shuɗi ne mai zanen kifi. Karan kin ɗaure shi a bakin zanen, gefe ɗaya an gyara shi da haƙori. Wanda ya ba ki ya ce tsoho na jin kunyar sauya magana. Ya naɗe miki shi a takardar siminti. Daga buhun da Kaka ke zubar da marasa kyau ya ɗauko shi, ya shafa masa alli. Kika ce Allah shi ba tsoho Aljanna."

Matar ta dube ni har na ji kamar in nutse.

"Da haƙorina nig gyara shi," ta ce a hankali. "To don mi tsohon yac ce laifinai ne?"

Na dubi Gwaggo. Kowa ya dubi Gwaggo. Kukanta ya tsaya cak. Innata ta kamo hannuna za ta ja ni waje, sai Gwaggo ta ce, "Sake ta. Na sha wanke alli a rigunansa, ban tambaya ba."

Matar Barmu ta miƙe. Mace ba ta shiga zauren maza ranar sadaka, kuma ba ta shiga ba. A bakin ƙofar waje ta tsaya, inda takalman baƙi suke jere, ta kira ɗanta ya tsaya kusa da ita da sandarsa. Na laɓe a jikin katanga.

"Ina surukin mamacin?"

Ya taso da hankicinsa, yana shirin karɓar gaisuwa. Da ya ga fuskarta sai ya tsaya.

"Kai ne," ta ce. "Jama'a ku shaida. Shekara biyu ina kai ƙarar bawan Allah wurin Ubangiji, ashe fansar wannan yay yi da sunanai. Allah-ya-isar da niy yi, na ɗauke ta daga kan kabarin. Ga mai ita nan tsaye da farar riga."

Ya ce ƙarya ce, ya ce yarinya ce, ya ce wa za ya kama maganar yarinya. Ba wanda ya ambaci yarinya kafin shi. Liman ya ɗago kai ya dube shi, dattawan kasuwa suka dubi juna. Takalmansa suna bayan matar, kuma ba ta matsa ba. Ya tsallake ta gefe ya fita hakanan, ƙafa tsirara, a kan duwatsun unguwarmu da rana ta gasa tun safe. Na bi shi da ido yana ɗage ƙafa ɗaya bayan ɗaya har ya sha kwana. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar gero.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da fitarsa. Bai dawo ba, ya aiko wa Gwaggo da takarda. Tana gidanmu da ƴaƴanta biyar, tukunyar da ke ciyar da mutum huɗu yanzu goma take ciyarwa. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Ƙaramarta takan tambaye ni yaushe babansu zai zo da babur. Abin da Kaka ya saya da sunansa, ni na rushe shi da rana tsaka, kuma ina ganin kuɗinsa kullum a kwanon tuwo.

Jiya dattawan layin takalma suka zo su bakwai, ba don sadaka ba, ta riga ta wuce. Suka zauna a zaure suka yi wa Kaka addu'a tun daga farko, kamar yau ya rasu.

Allah ka jiƙan Kaka, ka sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ka tsayar da dugadugansa ranar da ƙafafu ke zamewa. Kaka, ka ce in riƙe bakina, na ce na ji, ban riƙe ba. Wannan tsakanina da kai ne, kuma na san halinka, za ka yafe wa amaryarka. Shi kuwa mijin Gwaggo, ko duk Tawa ta yafe masa, ni ban yafe ba.